Motar Malam da Wayar da Na Jona

Laraba: Gusau

Ƙarfe shida saura kwata na asuba muka tashi daga ƙofar gidanmu a Gusau, ni da Baba Mani ƙanen mahaifina. Ni ke riƙe da sitiyari, shi yana gefe da carbi a hannu da galan biyu na fetur tsakanin ƙafafunsa, don a shekarar nan, ta biyu da aka ba mu jiha, wanda ya dogara da gidan mai a layi zai wuni. Tsafe muka nufa, kilomita hamsin ko ƙasa da haka, tafiyar da mota mai lafiya ke yi cikin awa ɗaya. Tamu ba ta da lafiya, kuma ba wanda ya san abin da ke damunta, har ni da na jawo mata ciwon.

Motar ta mahaifina ce, Malam, tsohon malamin gona. Ya saye ta hannun wani Bature mai komawa gida ina ɗan shekara biyar, fara ce ƙirar Jamus mai dogon gaba. Duk unguwa an san ta da tari. In Malam ya ɗaga ƙafa daga totur zai sha kwanar layinmu, sai salansa ta yi fat-fat-fat, Inna kuwa ta miƙe ta zuba ruwa a buta ta ajiye masa a bakin ƙofa. Malam ya rasu cikin azumi, aka ja tamfol aka rufe motar, ba wanda ya ƙara taɓa ta.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Ko ina zaune a gabanta, sai ta juya wajen ƙanwata Hadiza ta ce, “Gaya ma wancan.” Ta haka saƙon ya zo mini. Ranar Juma’a za ta fita takaba, za ta koma Bungudu gidan yayanta Kawu Ummaru da zama, kuma ba za ta bar gidan Malam a cikin wata mota ba sai ta Malam. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa neman komai a wurina ba sai wannan. Na ce wa Hadiza ta gaya mata an gama.

Ranar Lahadi na yaye tamfol, na wanke motar, na kai batir caji. Da na buɗe bonet, a gefen hagu kusa da wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi sabulun wanki girma ba, sai na ga wani abu yana reto: jar fata ɗinkakkiya, tsawon babban yatsa. Na ce a raina laya ce. Ni kuwa malamin makaranta ne, na yi karatu a Sakkwato, kuma a lokacin ina cikin zafin ganin duk abin da iyayenmu suka bari sai na gyara shi. Na sa reza na farke ɗinkin. Babu takarda, babu rubutu, sai bakin wata waya mai kan ƙarfe. Na duba akwatin na ga ƙafa huɗu gare shi, uku da wayoyinsu, ɗaya tsirara. Na cusa wayar, ta zauna daram. Na jefa fatar a aljihu da niyyar ƙonawa, na zaga layi da motar a hankali, sai na ji tarin ya ɗauke. Ranar har tausayin Malam na ji, shekara da shekaru yana fama da abin da na gyara cikin minti biyu.

Litinin na hau babban titi na ba ta wuta. Ina ɗaga ƙafa zan shiga shataletale ta mutu murus. A tsaye kuwa lafiya lau, inji na ruri a hankali kamar ba ita ba. Kanikawa uku na kai wa. Na farko ya wanke fulogi. Na biyu ya shinshina tanki ya ce ’yan bumburutu sun haɗa mini da kananzir. Na uku ya yi rabin awa yana neman kafireta, daga ƙarshe ya goge hannu ya ce motar ba ta da ita, in tafi Tsafe wajen Malam Bawa mai rewaya, wato gyaran wayoyin mota, shi kaɗai Malam ke bari ya taɓa ta. Ba wanda na yi wa zancen wayar. Ba ɓoyewa na yi ba, ko kusa ban kawo cewa gyarana ne ciwon ba.

Gusau zuwa Kwatarkwashi

Ƙarfe shida da minti biyar muka iso shingen sojoji na bakin gari. Na ɗaga ƙafa, ta mutu, muka gangara shiru har gaban ganga. Sojan ya leƙo ya tambaye ni wa ya ce in kashe mota. Na ce ba ni na kashe ba. Ya dubi Baba Mani, Baba Mani ya ce shi ma ba shi ba ne. Sojan ya duba takardu ya ce mu wuce. Na mayar da makulli baya, na sake murzawa, ta tashi tangaram kamar ba abin da ya faru.

Daga nan na fara lissafin abin da ke kashe ta, ko zan gano kanta. Ta mutu a wani rami. Ta mutu da shanu suka tsallaka titi. Na ce to girgiza ce, sai ta mutu a shimfiɗaɗɗiyar kwalta da ba ko tsakuwa. Babbar matsalar kuwa tana zaune a gefena. Baba Mani ba ya wuce wanda ya sani bai gaishe shi ba, kuma tsakanin Gusau da Funtuwa ban ga wanda bai sani ba. Da ya hango mutum da gatari a kafaɗa zai tafi sharar gona sai ya dafa mini gwiwa ya ce in sassauta. In sassauta, ta mutu, a yi gaisuwa har da ta iyali da ta zafi da ta hadarin da ke haɗuwa yana watsewa. A mutuwa ta shida batir ya gaji, sai waɗanda aka gaisar suka koma masu turi.

Na gwada wata dabara, ƙafar dama a kan totur, ta hagu a kan birki. Saura kaɗan in shige cikin amalanken shanu. Baba Mani ya ce in dai ta kai ga haka, gara ta mutu mu rayu.

Takwas saura minti ashirin muka iso Kwatarkwashi, ta mutu daidai rumfar mai koko, dutsen garin yana tsaye a kanmu rana ta fara gasa shi. Muka sha koko da ƙosai, na ce bari in buɗe bonet ta sha iska. Baba Mani ya zo ya leƙa da kofi a hannu. Ya daɗe yana duban gefen hagu.

“Lawali, ina layag ga?”

Na ce wace laya.

“Wadda ubanka ya rataya nan. Shekara ashirin ina ganin ta, ban taɓa tambaya ba.”

Na fito da fatar daga aljihu, na ce ba laya ba ce, na buɗe, babu komai ciki sai bakin waya, na kuma mayar da wayar mazauninta. Zancen wayar bai ko shiga kunnensa ba. Ya juya fatar a tafin hannu, ya ce da ni mutum bai cika wata biyar a ƙasa ba na fara kwance masa kaya, wannan shi ne karatun? Na ce fata ba ta tuƙa mota. Ya tambaye ni yaushe na cire, na ce Lahadi. Yaushe ta fara mutuwa, na ce Litinin. Ya bar ni da lissafina, kuma gaskiya lissafin bai yi mini daɗi ba.

Ya karɓi zare wajen mai koko, ya ɗaure fatar a jikin wayar, wayar tana nan a jone yadda na bar ta. Ya yi bisimilla, muka tashi. Ba mu yi kilomita biyu ba ta mutu. Na dube shi. Ya ce ai na riga na farke ta, abin da ke ciki ya fita.

Tsafe

Ƙarfe goma da minti ashirin muka shiga Tsafe, awa huɗu da rabi daga gida. Garejin Malam Bawa rumfar kwano ce a bayan tasha, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, da tsofaffin batura jere kamar tubali. Ba mu same shi ba, ya tafi suna. Muka zauna a benci muna fifita da hula har aka kira azahar, sannan ya iso, tsoho siriri da tabarau ɗaure da igiya. Tun daga nesa ya gane motar. Ya dafa ta kafin ya ba mu hannu, ya yi wa Malam addu’a, muka shafa.

Na zayyana masa komai, ramuka da shanu da kananzir. Ya buɗe bonet, idonsa ya tafi gefen hagu kai tsaye. Ya ga wayar a jone, ga fata tana reto da zaren mai koko. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

“Wa ya jona wayag ga?”

Na ce ni ne. Ya yi dariya har ta koma masa tari, Baba Mani yana bubbuga masa baya ba tare da ya san abin dariyar ba.

Da ya huce ya yi mana bayani. Ɗan akwatin nan suwic ne mai sauraren gudun inji. Aikinsa ɗaya: in inji na gudu direba ya ɗaga ƙafa, sai ya rufe mai, don kada ɗanyen mai ya tafi salansa ya fashe a can. In gudun ya sauka, ya buɗe. Namu ya iya rufewa, ya manta buɗewa, sai an kashe makulli yake sakin hanya. Shi ya sa take lafiya a tsaye, ta mutu a kan titi. Ya ce ba yau ya lalace ba. Shi da hannunsa ya zare wayar shekara ashirin da suka wuce, da aka nemi sabo har Kano aka rasa. Ya naɗe bakinta da tsumma, ya gargaɗi Malam kada ta taɓa ƙarfe, wuta gare ta. Da Malam ya dawo wata na gaba sai ya ga an ɗinke ta cikin fata. Bai tambayi wa ya ɗinka ba.

Baba Mani ya gyara zama ya ce ashe dai maganarsa ce ta fito, cire layar ne ya kashe mota. Na ce ba laya ba ce. Ya ce ya ji, amma cirewar fa? Har yau ban san wanda ya ci wannan gardama ba, ni dai kunya ta ishe ni.

Malam Bawa ya zare wayar, ya naɗe ta da roba, ya ce mu je mu gwada. Na hau hanyar Funtuwa na taka sosai, raina fari tas. Muka doshi shingen sojoji na ƙarshen gari. Na cire ƙafa gaba ɗaya lokaci guda, yadda na saba. Motar ba ta mutu ba. Abin da ta yi ya fi mutuwa: salansa ta saki tau, tau, tatatau, kamar an buɗe wuta. Soja ɗaya ya faɗa bayan ganga, ɗaya ya durƙusa ya saita mu, mai tallan rake ya watsar da tire. Na ɗaga hannuwa sama na bar sitiyari, Baba Mani yana salati da ƙarfi, Malam Bawa ya leƙa ta taga yana cewa salansa ce, salansa ce.

Babbansu dattijo ne mai furfura a saje, ya ji Hausa sarai. Ya sa na sake yi a gabansa, ta sake harbawa, ya yi dariya, amma da ya gama sai ya ce da ni a hankali, ba kowane shinge ne zai tsaya jin bayani ba. Na tuna akwai shinge a hanyar Bungudu, na tuna Inna a kujerar baya.

A hanyar komawa gareji na tambayi Malam Bawa me ya sa a hannun Malam tari take yi, a hannuna harbi. Ya ce Malam ɗaga ƙafa yake kamar mai sauke tulu, ni kuwa kamar wanda ya taka garwashi. In ina son shiru, sai an sa wani suwic. Sabo babu, amma ya san wata irinta da ta mutu a Bilbis, gidan Alhaji Labbo mai hatsi. Ko nata yana aiki, Allah ne masani. Mun kwana a zauren Malam Bawa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Na ci kaɗan, saura mini kwana ɗaya.

Alhamis: Bilbis

Ƙarfe bakwai muka hau kabu-kabu uku daga tasha, don Malam Bawa ya hana a motsa motar. Baba Mani ya tattare babbar riga ya ɗora a cinya, yana ba mai babur labarin gonakin da muke wucewa da masu su. Minti arba’in muka yi, rabin hanyar yashi ne, sau biyu muna sauka mu taka.

Alhaji Labbo ya karɓe mu a zaure, dogon mutum mai ƙaramar murya. Ni a ganina maganar minti biyar ce: ga abin da muke so, a ba mu ko a hana. Na buɗe baki, Baba Mani ya take mini ƙafa. Aka yi gaisuwa. Aka kawo ruwa, aka kawo fura da nono, aka yi ta’aziyyar Malam tun daga farko kamar jiya ya rasu. Aka yi zancen tsadar taki da na damina. Ina duban agogo ina haɗiye fura kamar magani. Sai da ƙarfe goma ta gota Baba Mani ya ce, kamar abin da ya faɗo masa yanzu, wai an ce Alhaji yana da wata tsohuwar mota.

Tana bayan gida ƙarƙashin rumfar zana, ba taya, ba gilashi, an cika kujerar baya da buhunan ƙaiƙayi. Malam Bawa ya ɗaga bonet, sai muka yi ido huɗu da kaza. Kwanci take yi a gefen hagu, daidai kan abin da muka zo nema. Daga cikin gida uwargidan Alhaji ta aiko cewa ƙwai goma sha biyu ne, saura kwana uku su fashe, kada a tashe ta. Na ce a raina yau kuma kaza ce za ta hana Inna tafiya. Aka yi ta aike tsakanin rumfa da cikin gida. Da aka gaya mata don wa ake nema, mai fita takaba ce gobe, sai ga ta da kanta da lulluɓi da faifai da tsohuwar ƙwarya. Ta kwashe ƙwan da hannunta, ta rungumi kazar tana yi mata magana, ta ce mu yi sauri kafin su huce.

Akwatin yana nan, kashin kaji ya rufe shi. Malam Bawa ya kwance kusoshi biyu, ya kankare shi da wuƙa, ya kai kunne ya girgiza, ban san me yake saurare ba. Na sa hannu a aljihu, Alhaji Labbo ya ɗaure fuska. Ya ce shekarar da tsutsa ta faɗa wa audugarsa, Malam ne ya zo da wannan farar motar har bakin gona, ya wuni a rana bai sha ko ruwansa ba. In kai wa Inna gaisuwa kawai.

Tsafe zuwa Gusau

Ɗaya da rabi muka dawo Tsafe. Bayan azahar Malam Bawa ya ɗaura akwatin. Wayoyin huɗu duk sun koɗe sun zama launi ɗaya, ya jona, na murza makulli, ko tari ba ta yi ba. Ya tsaya yana magana da kansa, ya musanya biyu, ya ce in sake. Ta tashi. Muka hau titi, na taka, na cire ƙafa da gangan yadda na yi jiya. Gudun ya sauka sumul, ba harbi, ba tari, ba mutuwa. Na yi sau biyar don in tabbata. A shinge dattijon sojan ya kama kunnensa yana tambayar ina bindigarmu.

Malam Bawa ya kwance fatar daga jikin wayar ya miƙo mini, ya ce aikinta ya ƙare. Baba Mani ya riga ni karɓa, ya ce a hannuna ba ta da tsaro. Ƙarfe huɗu da minti goma muka bar Tsafe. Ya gaisa da mutum tara a hanya, motar ta tsaya ta jira shi kowane karo. Biyar da kwata na sha kwanar layinmu shiru kamar an turo mu.

Na shiga gida ina jin kaina. Hadiza ta fito daga ɗakin Inna ta yi turus, ta ce yanzun nan Inna ke tambaya ko har yanzu ba mu dawo ba, ba ta ji shigowar mota ba. Na ce ai gyaran ke nan. Na ɗauka yabo ne.

Juma’a: Bungudu

Da safe aka yi sadaka, mata suka cika gida. Ƙarfe tara da rabi Inna ta fito cikin sabon zane, ta rame, ta tsaya a tsakar gida ta dubi ƙofar ɗakin Malam, sannan ta wuce. Ta shiga baya ta zauna a gefen da ta saba, Hadiza kusa da ita, Baba Mani a gaba. Bungudu kilomita ashirin ce a hanyar Sakkwato. Shekara da shekaru Malam yana kai ta duk Juma’ar ƙarshen wata.

Na tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai. Muka wuce shingen bakin gari lafiya, ba wanda ya faɗa bayan ganga. Baba Mani ya juya yana ba Hadiza labarin kaza da sojoji, yadda Inna za ta ji. Ina satar kallonta ta madubi ina jiran ko murmushi. Ba ta yi ba. Duk sanda na sassauta sai in ga ta ɗan karkata kai kamar mai jiran a kira ta, sannan ta mayar da ido taga. Na rasa gane laifina. Mota ba ta taɓa lafiya irin ta yau ba.

Mun wuce shinge na biyu, ana hango rufin kwanon Bungudu, sai na ji murya daga baya.

“Tsaya nan.”

Ba ta ce Hadiza ta gaya wa wancan ba. Da ni take. Na gangara ƙarƙashin wata tsamiya na tsaya.

“Ina hwatad da ka ɗebe?”

Baba Mani ya laluba aljihu ya miƙa mata. Ta shafa ɗinkin da na farke da babban yatsa. Ta ce ita ta ɗinka. Daga matashin fata na kayan aurenta ta yanko, ranar da Malam ya dawo daga Tsafe ya ce wata waya za ta ƙone masa mota in ta taɓa ƙarfe. Kwana uku ina yawo tsakanin kanikawa da sojoji da kaji, amsar tana zaune a ɗaki taku goma daga inda na farke ta, kuma ko sau ɗaya bai zo mini in aika Hadiza ta tambaya ba.

Na fara bayanin cewa yanzu an sa wani suwic, ba a bukatar fatar. Ta bari na gama.

“Na ji, Allah shi yi albarka. Amma wagga ba muryatta ba ce. Shekara ashirin mutanen gidanmu ba su ganin Malam sai sun ji shi. Ba ni shiga garin ga shiru kamar wadda anka kora.”

Na dubi Baba Mani ko zai ce wani abu. Ya kawar da kai yana jan carbi. Na fita na buɗe bonet, na kama wayar da na sha wuya a kanta, na zare. Inna ta fito ta tsaya a gefena, ta ciro allura da zare daga bakin mayafinta, ashe da shirinta ta taho. Ta sa bakin wayar a cikin fatar ta ɗinke, ɗinki ƙanana a jere, zafin inji yana dukan fuskarta. Ta ciji zaren, ta koma mota.

Na tayar, na hau titi, na ba ta wuta daidai. Da muka doshi kwanar gidan Kawu Ummaru na tuna maganar Malam Bawa, na ɗaga ƙafa a hankali kamar mai sauke tulu. Fat-fat-fat.

Kafin in tsaya Kawu Ummaru ya fito daga zaure da sauri, takalmi ɗaya a ƙafa, hannunsa a sama, fuskarsa cike da fara’a.

“Malam, sannu da…”

Sai ya ga wanda ke riƙe da sitiyari. Hannun ya sauko a hankali. Ya tsaya nan bakin zaure, tsoho mai shekara saba’in, hawaye na bin gemunsa. Inna ta buɗe ƙofa da kanta ta sauka. Ta ce masa, “Ya kawo ni,” ta shige gida.

Komawa

Mun yi sallar Juma’a a Bungudu, muka ci dambu a zauren Kawu. Hadiza za ta kwana biyu tare da Inna. Ƙarfe huɗu muka kamo hanya ni da Baba Mani. Kafin shinge ya tambaye ni ko zan mayar da wayar. Na ce sai dai in farke ɗinkin, ni kuwa na gama farke ɗinkin Inna. Na sauke ƙafa a hankali tun daga nesa, ta yi ɗan tarinta, sojan ko ɗago kai bai yi ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Malam Bawa, da Alhaji Labbo da uwargidansa, da duk wanda ya bar gatarinsa a bakin hanya ya tura mu, da Baba Mani da bai sake tayar da zancen laya ba sai sau uku. Suwic ɗin Bilbis yana nan a ɗaure da ƙafarsa ɗaya tsirara, lafiyarsa ƙalau, in wani yana bukata.

Biyar saura minti ashirin na sha kwanar layinmu. Motar ta yi fat-fat-fat. Na kashe ta, na shiga gida, na ɗauki buta na zuba wa kaina ruwa.